BAYANI: Yadda ake koya wa Linux auna aikin tsofaffin furosesoshi

A cikin kusan kowace furosesa da aka ƙera tun daga tsakiyar shekarun 1990 akwai wasu 'yan mitoci da mai kwamfuta ba ya gani. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da umarnin manhaja, mitocin nan kuwa suna ƙirga abin da ke faruwa a cikinta, kamar yadda mitar wuta ke ƙirga abin da gida ya sha. Suna iya faɗin umarni nawa aka kammala, bugun agogo nawa ya wuce, da sau nawa furosesar ta tsaya cik tana jiran bayani daga memori. Da su ne masu rubuta manhaja ke gano inda aikinsu ke cin lokaci.

Sai dai mitocin ba sa amfanar kowa har sai an koya wa kanel yadda zai yi magana da su. Kanel shi ne zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, shi ke tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji, kuma a mafi yawan furosesoshi shi kaɗai ke da izinin saita waɗannan mitoci. A Linux, ɓangaren da ke wannan aiki sunansa perf. Sababbin furosesoshi ba su cika ba shi wahala ba, domin kamfanonin da ke ƙera su suna da ma'aikatan da ke aika bayanansu tun kafin kaya ya shiga kasuwa. Tsofaffin ne marayu. Tallafa musu aiki ne na hannu, ɗaya bayan ɗaya, kuma yawanci ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya ko biyu da ke da irin na'urar a ɗakinsu.

Abin da ake aunawa

Awon iri biyu ne. Na farko ƙirga ce zalla: a kunna mita, a bar manhaja ta yi aikinta, a ƙarshe a karanta jimilla. Umarnin perf stat ke yin haka. Wannan yana nuna cewa akwai matsala, amma ba ya nuna inda take.

Na biyu shi ne ɗaukar samfuri, aikin perf record. A nan ana saita mitar ta buga ƙararrawa duk lokacin da ta ƙirga wani adadi, a ce bugun agogo miliyan ɗaya. Da ƙararrawar ta buga, sai kanel ya dakatar da komai, ya rubuta daidai layin da manhajar take a kai, sannan ya sake ta ta ci gaba. Bayan dubban irin wannan leƙe, sai hoto ya fito: idan rabin samfuran sun faɗa kan wani ɗan yanki na manhajar, to a nan lokaci ke tafiya. Dabarar saita ƙararrawar ma tana da ban sha'awa. Mita ba ta da agogon tashi, abin da ta sani kawai shi ne cika da tumbatsa. Saboda haka sai kanel ya zuba mata lambar da ta rage saura miliyan ɗaya ta cika, tumbatsar ce ke zama ƙararrawa.

Tsohuwar na'ura ta fi kowace buƙatar wannan awo, domin ɓarnar da sabuwa za ta haɗiye ba a ji ba, a kanta sai ta zama jira na zahiri. Kuma ita ce ta fi ƙarancin kayan awon.

Sirrin da aka kulle

Pentium ta farko, wadda kamfanin Intel ya fitar a 1993, ta zo da mitoci biyu. Kamfanin bai bayyana yadda ake amfani da su ba. Littafin bayaninta yana tura mai karatu zuwa wata rataye mai lakabin H, wadda ba a ba kowa sai wanda ya sa hannu kan yarjejeniyar riƙe sirri. Ma'ana, mutum ya sayi na'ura da kuɗinsa, amma akwai ɗakin da aka hana shi makullinsa. Wani masanin manhaja ɗan ƙasar Norway, Terje Mathisen, ya bi diddigin mitocin da gwaji har ya gano su, ya kuma wallafa abin da ya gano a mujallar Byte ta watan Yulin 1994. Daga baya Intel ya riƙa buga bayanin a fili.

Bayyana sirri bai kawo daidaito ba. Har tsawon shekara goma sha biyu, kowane gidan furosesa da nasa tsarin mitocin, kuma babu hanyar da manhaja za ta tambayi furosesa mita nawa gare ta. Sai a 2006, da zuwan Core Solo da Core Duo, Intel ya shigo da tsari na bai-ɗaya: kanel zai iya yin tambaya ta umarnin CPUID, furosesar ta amsa da yawan mitocinta, faɗinsu, da irin abubuwan da ta iya ƙirgawa. Wannan shekara ita ce iyakar da ta raba tsohuwa da sabuwa a wannan fage. Duk wadda ta riga ta, ba ta iya gabatar da kanta. Dole wani ya zauna da littafin kamfani, ya kwafe halayenta ɗaya-ɗaya ya zuba cikin kanel.

Zuwan perf

Kafin perf, masu Linux suna da OProfile, wadda John Levon ya fara, ta kuma shiga kanel a 2002. Akwai kuma perfctr na Mikael Pettersson da perfmon2 na Stephane Eranian, waɗanda suka shekara da shekaru a matsayin faci na gefe, sai mai buƙata ya ɗora da kansa. Eranian na dab da shigar da nasa lokacin da Ingo Molnar da Thomas Gleixner suka fito da wani sabon tsari a watan Disambar 2008. An yi ta muhawara mai zafi, amma nasu ne ya yi rinjaye, ya shiga Linux 2.6.31 a watan Satumbar 2009.

Babban bambancin shi ne inda ilimin furosesa zai zauna. A tsarin perfmon2, yawancinsa yana cikin wata manhaja a wajen kanel. A tsarin perf, kanel ne ke ɗauke da fassarar: mai amfani ya ce yana son bugun agogo, kanel ya nemo lambar da wannan furosesa ta sani da ita. Wannan ya sauƙaƙa wa mai amfani ƙwarai. Amma ya kuma nufin duk furosesar da ba a rubuta mata nata direban a cikin kanel ba, perf ba ya ganin mitocinta sam. An fara rubuta shi ne da sababbin furosesoshin lokacin a zuciya, irin su Core 2, Nehalem da Atom. Na kamfanin AMD sun yi sa'a, domin tsarin mitoci huɗu da Athlon ta zo da shi a 1999 ya daɗe bai sauya ba, direba ɗaya ya wadatar da tsara da yawa. Tsofaffin Intel ne aka bari a baya.

Mitoci biyu, makunni ɗaya

Gidan P6 ya fara da Pentium Pro a watan Nuwamban 1995, ya haɗa da Pentium II, Pentium III da Pentium M ta kwamfutocin cinya. Vince Weaver, wanda a lokacin yake karatun digiri na uku a Jami'ar Cornell ta Amurka, shi ya aika facin da ya ba perf damar aiki da wannan gida a watan Yulin 2009. Fayil ɗin direban bai kai layi 300 ba, amma kusan kowane sashe nasa amsa ce ga wata baƙuwar ɗabi'a ta ƙarfen.

Ta farko ita ce ganewa. Tunda furosesar ba ta iya bayyana kanta, direban yana ɗauke da jerin lambobin samfuri: 1 ita ce Pentium Pro, 3 da 5 da 6 Pentium II, 7 da 8 da 10 da 11 Pentium III, 9 da 13 kuma Pentium M. Lambar da ba ta cikin jerin, kanel zai ce bai san ta ba, ko da kuwa ƙarfen iri ɗaya ne da na 'yar uwarta.

Ta biyu ita ce fassara. Bugun agogo lambarsa 0x79 a P6, alhali a Core 2 da waɗanda suka biyo ta 0x3c ce. Irin wannan teburi yana da sauƙin rubutawa, yana kuma da sauƙin kuskure, domin lambar da ba daidai ba ba ta kashe na'ura. Tana dai bayar da adadi mai kama da gaskiya wanda ba na abin da aka tambaya ba ne. A 2012, shekara uku bayan facin farko, Weaver ya sake komawa ya gyara wasu daga cikin fassarorin.

Ta uku ita ce makunni. Mitocin biyu ne, amma makunninsu ɗaya, yana jikin ta farko, kamar ɗakuna biyu da aka haɗa wa wayar wuta guda. Shi kuwa perf an gina shi ne bisa zaton kowace mita ana iya kunna ta a kashe ta ita kaɗai. Mafitar da aka samu ita ce a bar makunnin don kunnawa da kashewa gaba ɗaya, idan kuma ana son a tsayar da mita ɗaya, sai a sauya saitinta ta yadda ba abin da za ta ƙirga. Tana kunne, amma an rufe mata ido.

Sai faɗin mita. A takarda bit 40 ne, wato za ta iya ƙirga sama da tiriliyan ɗaya. A aikace bit 32 na ƙasa kawai ake iya rubutawa, na saman suna kwafar bit na 31 ne. Don haka tazara mafi tsawo da za a iya saitawa tsakanin ƙararrawa biyu ba ta wuce biliyan 2.1 da 'yan kai ba. A kan Pentium Pro mai gudun megahaz 200 wannan daƙiƙa goma sha ɗaya ce ba kaɗan, a kan Pentium III mai gigahaz ɗaya kuwa daƙiƙa biyu. Kanel ne ke tara jimillar a nasa lissafin duk lokacin da mitar ta tumbatsa.

Ƙarancin mitocin ma matsala ce. Wasu abubuwan mita ɗaya tak ke iya ƙirga su: ninkawa da rabawa duk a mita ta biyu suke, saboda haka ba a ƙirga su tare. Idan aka nemi abubuwa fiye da mitocin da ke akwai, sai perf ya sa su karɓa-karɓa, ya lura da tsawon lokacin da kowanne ya samu, sannan ya ƙiyasta sauran. Adadin da ya fito ƙiyasi ne, kuma mai karanta shi ya kamata ya san haka. Ga kuma mai gadin kanel, wato sashen da ke sa ido ko na'ura ta daskare, wanda shi ma yana aron mita ɗaya. A na'ura mai mitoci biyu, mai gadi ya ɗauke rabi ke nan.

Abin da ya fi nuna haɗarin rubuta direba ba tare da na'urar a hannu ba ya faru ne a 2014. Akwai umarnin RDPMC, wanda ke ba manhaja damar karanta mita kai tsaye ba sai ta bi ta kanel ba. Da Linux ya fara buɗe wannan ƙofa ga kowa, sai aka samu rahoton cewa wasu na'urorin Pentium Pro suna mutuwa murus. Dalilin yana cikin jerin kurakuran ƙira da Intel ya wallafa tun da daɗewa, lamba ta 26, wanda ya shafi fitowar farko-farko ta furosesar. Peter Zijlstra, ɗaya daga cikin masu kula da perf, ya ƙara 'yan layukan da ke rufe ƙofar a kan waɗannan. Furosesar tana da shekara goma sha takwas a duniya a lokacin. Ba don wani ya ci gaba da ɗora sabon kanel a kanta ba, kuma ya ɗauki wahalar kai rahoto, da aibin ya zauna shiru.

Aikin P6 ya yi rana a inda ba a zata ba. Lokacin da Intel ya fitar da Xeon Phi na farko a 2012 don manyan kwamfutocin bincike, mitocinsa sun yi kama da na P6, kuma direban da Weaver ya rubuta masa ya bi sawun tsohon.

Pentium 4

Ita wannan, wadda ta fito a watan Nuwamban 2000, matsalarta yawa ce. Mitocinta 18 ne, kowace da nata gurbin saiti, ga kuma wasu gurabe 45 na zaɓen abin da za a ƙirga. Kowane abu yana bi ta wasu gurabe ƙayyadaddu, kowane gurbi kuma yana kaiwa ga wasu mitoci ƙayyadaddu. A samfuran da ke da Hyper-Threading, inda furosesa ɗaya ke aiki kamar biyu, ɓangarorin biyu suna raba waɗannan kaya a tsakaninsu, dole direba ya hana su karo.

Cyrill Gorcunov ne ya ɗauki wannan kaya, facinsa ya shiga Linux 2.6.35 a watan Agustan 2010, shekara guda bayan sauran. Fayil ɗin ya haura layi 1,000. An kuma ɗauki lokaci ana bin ƙararrawar da ke bugawa ba a san mai ita ba. A 2011 sai da aka ƙirƙiro wata dabara ta ƙirga bugun agogo ta hanya ta biyu, don kawai mai gadin kanel da mai awo su iya aiki lokaci guda. Intel da kansa ya watsar da wannan tsari da ya koma gidan Core. Nauyin fahimtarsa ya rage wa waɗanda ba su ƙera shi ba.

Idan ƙararrawar ba ta isa ba

Mita na iya tumbatsa, amma sai da hanyar da saƙon zai isa kanel. A furosesoshin Intel hanyar ita ce wani sashe mai suna APIC, kuma a kwamfutocin cinya da dama na zamanin Pentium M kamfanonin da suka harhaɗa su sun bar shi a kashe. A irin wannan hali Linux yana sanar da cewa babu ɗaukar samfuri ta mita, yana kuma ba da shawarar a tayar da na'urar da kalmar lapic don tilasta kunna shi.

Raspberry Pi ta farko, ƙaramar kwamfuta mai araha da aka fitar a Birtaniya a 2012 don koyarwa, ta zo da irin wannan cikas. Furosesarta, ARM1176, tsohuwar ƙira ce tun a lokacin, tana da mitoci, amma ba a haɗa ƙararrawarsu ta yadda kanel zai ji ba. Sai a Linux 3.16, a 2014, aka ƙara wa perf wata alama da direba zai ɗaga ya ce wannan na'ura tana ƙirga amma ba ta ƙararrawa. Daga nan perf stat ya fara aiki a kanta. Gyaran na tsari ne baki ɗaya, don haka ya amfani wasu na'urori da dama masu irin wannan rauni.

Wa ke biyan kuɗin riƙo

Masu kula da kanel ba don rowa suke ƙyamar tsohon kaya ba. Duk lokacin da aka sauya ginshiƙin perf, sai an taɓa kowane direba, har da waɗanda mai sauyin bai taɓa ganin na'urarsu ba. Kuma perf wuri ne mai haɗari. A watan Mayun 2013 aka bayyana wata ɓaraka a cikinsa, mai lamba CVE-2013-2094, wadda ke ba kowane mai amfani damar ƙwace ragamar na'ura gaba ɗaya. Ba a direban wata furosesa take ba, amma ta nuna girman abin da ke cikin hatsari. Weaver ya rubuta wata manhaja mai suna perf_fuzzer da ke jefa wa perf buƙatu barkatai don tono irin waɗannan kurakurai, ta kuma tono da yawa. Daga Linux 4.6 a 2016 aka ƙara tsaurara abin da mai amfani na gama-gari zai iya aunawa, Debian da Android ma suka wuce nan da nasu facin.

Saboda haka ana yin shara lokaci-lokaci. An cire tallafin furosesar 386, wadda a kanta aka haifi Linux a 1991, a fitowa ta 3.8 a 2013. Molnar ya yi ɗan juyayi cikin raha, Linus Torvalds kuwa ya ce shi ba ya kewarta. A 2018 aka kwashe gidajen furosesa takwas a tashi ɗaya. An cire OProfile daga kanel a 5.12 a 2021, abin da ya bar perf shi kaɗai a fagen. Itanium ta tafi a 6.7 a farkon 2024, a watan Afrilun 2025 kuma Molnar ya gabatar da facin cire 486. A duk waɗannan muhawarori tambayar da ake maimaitawa ɗaya ce: akwai mai amfani da abin, akwai kuma wanda zai tsaya ya kula da shi? Ma'aunin ya fi na kamfanoni adalci, tunda ba ranar da wani ofishin talla ya yanka ba ce. Amma yana da nasa son kai. Wanda ake ji shi ne mai Turanci, mai intanet, mai lokacin rubuta rahoto. Mai amfani da ya yi shiru, a lissafin nan babu shi.

Nan ne batun ya taɓo mai karatu a Kano ko Maraɗi. Kwamfutocin gwanjo da ke cika shagunan buga takardu da ɗakunan ɗalibai sun girmi sababbin kasuwa da shekaru, amma galibinsu ƙannen P6 ne nesa ba kusa ba. Daga Core 2 zuwa sama suke, suna iya gabatar da kansu, perf kuma yana aiki a kansu. Sai dai layin yana matsowa. Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar yawancin furosesoshin Intel da suka girmi tsara ta takwas, wato na wajen 2017. Ga irin waɗannan na'urori Linux ce mafakar da ta fi kusa. Ita ma mafakar tana da iyaka: Debian 13, da ta fito a watan Agustan 2025, ba ta zo da kanel ko manhajar girkawa ta na'urori masu bit 32 na gidan Intel ba. Pentium III da Pentium M duk masu bit 32 ne. Direbansu na perf da Weaver ya fara a 2009 an rubuta shi ne cikin asalin kanel, amma mai son amfani da shi sai ya nemi wani rukunin Linux da bai sallame su ba tukuna.